Kujerar Baya

Giyar motar ta yi wata ƙara kamar an watsa tsakuwa cikin injin niƙa. Bodil ta saki sandar, ta ɗaga hannuwa sama kamar wadda ta taɓa tukunya mai zafi.

"Shi ke nan, kin kashe ni," in ji Aksel daga bakin gareji, inda aka zaunar da shi a kujerar lambu, an naɗe shi da bargo har wuya. "Likita ya ba ni sati biyu, ke kin ƙwace ɗaya."

"Haba tsoho! Ni za ka koya wa giya? Tun kafin 'yarka ta yi aure nake jan motar 'yan makaranta."

"Waccan ai ba mota ba ce, firji ne aka yi wa taya. Sau biyu ake taka kuloci, yarinya. Ki taka, ki cire giyar, ki saki. Ki ɗan ba ta wuta. Ki sake takawa, sannan ki saka. Kada ki tilasta mata. Ki saurara, ita za ta gaya miki lokaci ya yi."

Bodil ta haura hamsin, amma a bakin maƙwabcin nata ba ta taɓa wuce yarinya ba. Ta ja numfashi, ta yi yadda ya ce. Sandar ta faɗa wurinta sumul, motar ta gangara daga gareji zuwa tsakar gida tana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Aksel ya rufe ido. Bodil ba ta iya gane ko ciwon ne ya taso masa ko daɗi ne ba.

Babu wanda bai san motar nan ba a layin. Doguwa ce, shuɗiya mai duhu, sai da aka fasa bangon garejin aka ƙara masa tsawo kafin ta shiga. An ƙera ta a 1936, aka yi mata jiki da hannu domin mai babban gidan gonar da ke bayan gari, kuma Holger, mahaifin Aksel, shi ne direbanta tun ranar da aka sauke ta daga jirgin ƙasa. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, sojojin Jamus suka shiga bi gida-gida suna karɓe motoci, Holger ya kwance tayoyinta ya binne su cikin ciyawar shanu, ya ɗora ta a kan kututture, ya saki kaji suka mayar da ita wurin kwana. Sojojin suka leƙa, suka ga kashin kaji har kan fitilu, suka toshe hanci suka wuce. Aksel ya ba Bodil wannan labari ya fi a ƙirga, kuma kullum a daidai wurin toshe hancin yake tsayawa ya yi dariya har ya yi tari.

Bayan shekaru aka sayar da gidan gonar. Ba wanda yake son tsohuwar mota mai shan fetur kamar rijiya, sai matar marigayi mai gidan gonar ta ba Holger ita a matsayin sallama. Daga Holger ta zo hannun Aksel, tare da gwangwanin mai, da hular direba, da dokoki.

Dokokin kuwa a jikin motar suke. Gaba fata ce, kuma babu rufi, domin wurin direba ne da yaron gida, su rana da ruwan sama ba sa damun kowa a kansu. Baya ɗaki ne rufaffe, kujerarsa ta ulu mai laushi kalar toka. Tsakanin gaba da baya akwai gilashi, sai wani siririn bututu da na baya zai yi magana ta ciki, maganar ta fito daidai kunnen direba. Aksel ya wanke wannan kujera ta baya, ya shanya ta, ya kore mata asu, fiye da shekara hamsin. Bai taɓa zama a kanta ba.

Matarsa Ragna ce mai zama a can. Kowace Lahadi, daga fitowar ganye har zubarsa, sai ya sa hula ya buɗe mata ƙofa, ta shiga da filas ɗin kofi da kek ɗin tuffa a cinya, su nufi bakin teku. Bodil ta sha tsayawa a bayan shingen gidanta tana kallonsu, musamman shekarar da mijinta ya kwashe kayansa ya bar garin. A lokacin gani take yi babu macen da aka riƙe da daraja kamar Ragna. Tun da Ragna ta rasu motar ba ta sake fita titi ba. Yakan tayar da ita ranar Lahadi, ya saurare ta, ya kashe. Daga baya hannuwansa suka fara rawa, daga baya kuma aka gano abin da ke huhunsa.

Yanzu ya sa hannu ya bayar da ita ga gidan adana kayan tarihi. Ranar Litinin za su zo da babbar mota su ɗauke ta. Can za su tsiyaye mata mai da ruwa, su kewaye ta da igiya, ba za ta sake motsi ba. Shi ya sa ranar Laraba ya ƙwala wa Bodil kira ta kan shinge, ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Ko kina da abin yi ranar Lahadi?"

Ba ta da shi. Ko da tana da shi ma.

Ranar Asabar da yamma ta kai musu romon kaza. An sauko da gadonsa falo, kusa da taga, domin ya daina iya hawa bene. 'Yarsa Merete, wadda ta baro aikinta a birnin Aarhus ta zo jinya, tana tsaye a ƙofar kicin da tsumma a hannu, kuma Bodil na shiga ta gane ta faɗo tsakiyar rigima.

"Yawwa, ga Bodil, ta ji da kunnenta," in ji Merete. "Wai gaba zai zauna gobe, kusa da ke. A buɗe. A wannan iskar."

"Ina da kwat," in ji Aksel.

"Baba, nas ta ce ko taga kada a buɗe maka sosai. Kofi ma sai na riƙe maka kofin. In ka shaƙi iskar teku a buɗaɗɗiyar mota, a hanya za mu rasa ka."

"To sai me? Sauri nake hana ki?"

Idon Merete ya kawo ruwa. Aksel ya kawar da kai wajen taga, don ya san ya yi ɓarna.

Bodil ta ajiye tukunyar a kan tebur. "Tsoho, ai bayan ma cikin motar yake. Hanya ɗaya ce, teku ɗaya ne."

"Ba ki gane ba."

"To ganar da ni."

"Wurin ba nawa ba ne." Ya ja bargo. "Ina ɗan shekara shida na taɓa hawa, ƙafa ɗaya kawai na sa. Babana bai dake ni ba. Cire ni ya yi ya ajiye a ƙasa, ya ɗauko buroshi ya share inda na taka, ina tsaye ina kallo. Mu mutanen gaba ne."

"Masu gidan gonar nan sun mutu tun ban san kaina ba," in ji Merete a hankali. "Motarka ce, Baba."

"Ajiya ce."

"To ni dai na faɗa. Ko baya, ko babu."

"To babu."

Ya juya musu baya. Romon ya huce a kan tebur ba wanda ya taɓa.

Bodil ta koma gida ta zauna a kicin ba ta ko cire takalmi ba. Haushi take ji, amma ta rasa na wa. Merete tana da gaskiya. Shi kuma, kwana uku ke nan yana zama cikin sanyi a bakin gareji yana koya mata kuloci da ɗan numfashin da ya rage masa, ba don komai ba sai don ya ga teku daga cikin motar nan sau ɗaya. Gobe ce kaɗai Lahadin da ta rage musu, shi da motar. Kuma ta san shi. Zai iya kwanciya a gadon nan ya saurari babbar motar ta zo ta tafi, bai ce uffan ba.

Lahadi ta waye da rana mai haske, marar zafi. Bayan an tashi daga coci Bodil ta ɗauki makullin garejin daga ƙarƙashin tukunyar fure, ta tayar da motar, ta bar ta ta yi ɗumi yadda aka koya mata. Sannan ta fito da ita ta tsayar daidai tagar falo. Merete ta leƙo.

"Me kike yi haka?"

"Cewa ya yi a zagaya da ita kafin a ɗauke ta, kada mai ya kwanta," in ji Bodil da ƙarfi, yadda na kan gado zai ji. "Bari in kai ta bakin teku in dawo. Ni kaɗai ma na isa."

Sai ta taka kuloci sau ɗaya tak, ta danna sandar da gangan. Ƙarar da ta fito har karen gidan ƙarshe sai da ya amsa. Ita kanta sai da haƙoranta suka yi tsami, ta ce wa motar a ranta, yi haƙuri. Ta sake yi.

Daga cikin falo aka ji murya, siririya amma a fusace. "Merete! Kawo mini kwat ɗina. Matar nan za ta zubar mata da haƙora kafin ta kai kwana."

"Baba, mun gama magana. Gaba dai..."

"Na ji! Akwai bututu, ai. Wani dai ya riƙa gaya mata abin da za ta yi."

Su biyu suka fito da shi, ɗaya a kowace kafaɗa. Bodil ta tsorata da rashin nauyinsa. A bakin ƙofar baya ya tsaya. Hannunsa ya kai kan mariƙin da kansa, ya buɗe, ya ɗan ja da baya kamar mai ba wani hanya, sannan ya tuna. Ya daɗe yana goge tafin takalminsa a kan matakin, na dama, na hagu, na dama kuma. Ba wadda ta ce ya yi sauri. Da ya shiga, bai zauna a dama ba, inda ulun ya ɗan lotsa. Ya matsa can hagu, ya zauna a bakin kujerar kamar baƙon da ya zo neman aiki. Merete ta zauna a ƙaramar kujerar da ake naɗewa, wurinta tun tana yarinya, ta lulluɓe masa ƙafafu.

Kafin su fita layin, bututun ya fara aiki.

"Sau biyu."

"Na sani."

"Ba ya jin ki," Bodil ta tuna wa kanta. Bututun hanya ɗaya yake bi.

"Kin yi kusa da shingen Poul. Wannan ba bas ba ce, hancinta ya fi tunaninki tsawo. Saki birki. Wa ya ce ki taka birki?"

Mutane suka firfito. Poul mai gyaran famfo ya cire hula, sannan ya ga wanda ke baya, ya tsaya da hular a hannu baki buɗe. Suka wuce coci, suka wuce kantin burodi, suka hau doguwar hanyar da ta ratsa gonaki. Iska ta riƙa dukan fuskar Bodil har hawaye na gangaro mata ta gefen ido. Sitiyarin da nauyi kamar ana jan saniya, amma da motar ta samu hanya sai ta miƙe, ta yi laushi, injin ya koma kamar numfashin mai barci.

"Yanzu ki sa ta ƙarshe," in ji bututun. "Yawwa. Haka."

Daga nan bai sake cewa komai ba.

Suka wuce injinan iska masu ba da lantarki, suka wuce gonar da ake sayar da dankali a bakin hanya. Shiru. Bodil ta canja giya a hawan tudu, ta ɗan kuskure, giyar ta yi ƙara kaɗan. Ta jira faɗa, ba ta ji ba. Gabanta ya faɗi. Madubin motar ƙarami ne, yana rawa, da ƙyar ta samo Aksel a ciki. Yana zaune, ya jingina yanzu, idonsa a buɗe. Ba gonaki yake kallo ba. Ita yake kallo, bayan kanta.

A bakin teku ta tsaya inda kwalta ta ƙare, tsakanin tuddan yashi, inda ake hango ruwan. Ta kashe injin, ta zagayo ta buɗe ƙofar kaɗan, ta tare iskar da jikinta.

"To, ranka ya daɗe, mun iso. Yaya tuƙin?"

Bai karɓi tsokanar ba. "Shiru ne a nan," ya ce. "Ko injin ba a ji sosai."

"Ai shi ya sa masu kuɗi suke so."

"Kin san abin da ake gani daga nan?"

"Teku, mana."

"Ƙeyarki." Ya ɗaga yatsa ya nuna gilashin. "Tagogin gefe ƙanana ne, sai an leƙa. In mutum ya zauna daidai, ba abin da ke gabansa sai ƙeyar direba." Ya juya wajen 'yarsa. "Abin da mahaifiyarki take kallo ke nan? Duk Lahadin nan?"

Merete tana zuba kofi a murfin filas. Ba ta ɗago ba. "Ita ta fara ganin furfurarka, kafin kai. Ta nuna mini ita, a nan bayan kunne. Kuma ta ce in wani ya sha gabanka a hanya, wuyanka ja yake yi kamar na zakara."

Aksel ya yi wani sauti, rabi dariya rabi tari.

"Tana yi maka hira, ai," in ji Merete. "Tun daga gida har nan. Labarin maƙwabta, abin da za a dafa, wanda ya ɓata mata rai."

"Ban taɓa ji ba."

"Ba ta ɗaukar bututun. Ta ce wannan na ba da umarni ne, ita kuwa ba umarni take bayarwa ba."

Teku na ta bugun yashi. Bodil ta rasa inda za ta sa idonta, ta kafa shi a kan matakin ƙofar.

"Farkon aurenmu ta ce za ta zauna gaba," in ji Aksel. "Na ce matata ba za ta zauna wurin yaran gida ba." Ya shafa ulun da ke gefensa na dama da bayan hannu. "Wuri mafi kyau na ba ta."

"Ta sani, Baba."

Ya kurɓi kofin sau biyu, Merete na riƙe da shi. Ya kalli ruwan ta ƙofar da Bodil ta ɗan buɗe masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a koma gida.

Bodil ta hau, ta tayar da injin. Tana shirin juyawa ta ga motsi a madubi, ta waiwaya. Aksel yana nuna wa Merete wani ɗan mariƙi na azurfa da ke ƙasan gilashin. Merete na girgiza kai. Bodil ba ta jin su, bakinsu kawai take gani, amma ta san maganar, domin ita ma ya gaya mata ranar farko: wannan mariƙin ba a taɓa shi, in sarƙar cikinsa ta tsinke babu mai irinta a duniya. Tun zamanin Holger ba a juya shi ba.

Ya sake nunawa. Merete ta dube shi, ta dubi bargon, ta dubi iskar da ke kaɗa ciyawar tudu. Sannan ta kama mariƙin ta juya.

Gilashin ya sauka sumul, ko ƙara bai yi ba, kamar jiya aka sa masa mai.

Su uku suka zuba wa wurin da yake ido.

"Kai," in ji Aksel a hankali. Muryarsa ce, ba ta bututu ba, kusa da kunnenta. "Ashe yana yi."

Iska ta shiga ta ɗaga masa gashi. Merete ta cire gyalenta ta naɗa masa a wuya. Ya matso gaba da ƙyar, ya miƙo hannu ta wurin, ya ɗora a kan fatar kujerar gaba, daf da kafaɗar Bodil.

"Mu je, yarinya. A hankali."

Haka suka dawo, ba su fi gudun keke ba, motoci na taruwa a bayansu kuma babu wanda ya danna oda. Yana ta magana. Ba da ita yake ba, ba da Merete ba. Wani abu game da rufin gareji da ke yoyo, da itacen tuffa da ya kamata a sare wa reshe, da wata riga mai ɗigo-ɗigo. Iska na kwashe rabi. Bodil ta tsayar da kanta cak, ba ta waiwaya ba, ta bar masa ƙeyarta.

Ranar Litinin mutanen gidan tarihi suka zo, mace ɗaya da maza biyu, masu ladabi, da farar safar hannu. Ba su tayar da motar ba, da igiyar ƙarfe suka ja ta kan babbar motarsu. Matar ta lura da gilashin, ta tambaya ko a mayar da shi yadda yake. Merete ta ce a bar shi. Aksel bai nemi a ɗaga shi ya gani ba. Da Bodil ta shiga daga baya, tambaya ɗaya ya yi mata, ko sun sa wa motar giya. Ta ce a'a. Ya ce to madalla, ya koma barci.

Bai sake tashi sosai ba. Zazzaɓi ya zo ranar Talata, kuma ba wanda ya ambaci iskar teku, ko Merete, ko nas.

Ranar Alhamis da hantsi Bodil na wanke kofuna, tana kallon gidan ta tagar kicin kamar yadda ta saba. Motar nas na ƙofa. Sai ta ga Merete ta zo tagar falo, ta zare sakata, ta tura tagar waje gaba ɗaya, har ƙarshe, yadda ake yi a nan in mutum ya cika, domin ransa ya samu hanya. Ta tsaya a wurin kaɗan, sannan ta koma ciki.

Bodil ta rufe famfo. Ta san ya kamata ta ɗauko tuta ta ɗaga ta rabin sanda, don layin ya sani. Amma ba ta motsa ba tukuna. Ta tsaya da jiƙaƙƙen kofi a hannu, tana kallon farin labulen ya fito ta tagar, ya kumbura, ya koma, ya sake fitowa.